Ƙyallayen Ƙarƙashin Keke

Shekara ashirin ina daraktan lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, ana ce mini Mushe kamar kowane malamin boko, yara na rawar jiki in sun gan ni, amma ni Zahara'u nake tsoro. Matata ce, tela, ita ke koya mini ɗinkin bargo na haɗin ƙyallaye.

Ranar da ta tafi suna a garin Bande, na tarar da yankakkun ƙyallaye a ƙarƙashin keke. Na daddatsa su, na shimfiɗa auduga a tsakiya, na yi ta taka keke ina jin kaina gwani. Da na ɗaga ƙyallen ƙarshe sai na ga wuyan riga ne, an yanka shi tsaf. Rigar sallarta!

Tana dawowa na miƙa mata bargon.

Ta jujjuya shi, ta yi dariya. "Mushe, ai ba tawa ba ce."

Na yi hamdala, har na samu wuri na zauna.

"Ankon Yaya Hinda ne, na bikin ɗiyarta gobe."

Yaya Hinda ce ta goya ni, kuma har yau ba ta daina murɗe mini kunne ba. Tana zaure tana cire takalmi.