Ƙuri'a Ɗaya ta Rumfar Tsamiya

Ranar Laraba da safe aka sanar da wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Kafin azahar, a ƙauyen Tsamiya da ke bayan Toranke, babu bangon da ba a ɓare wa fosta ba.

A rumfar zaɓenmu, wanda ya yi nasarar ƙuri'a ɗaya ya samu. Ɗaya tak. Ranar ƙirga har tafi muka yi, wani ya ɗauki hoton sakamakon ya watsa a waya don duniya ta ga irin tsayuwarmu. To, duniya ta gani.

Damuwarmu kwalbati ce. Duk damina rafi yana yanke hanyarmu ta zuwa Gaya, buhun gero ya kwana a gaɓa, mai naƙuda a tsallaka da ita a kan ƙyaure. Mun san shugaban ƙasa ba ya kwaɓa siminti da hannunsa. Amma mun san 'yan jam'iyyarsa sukan duba sakamakon rumfa kafin su saurari koke. Dole a nemo mai ƙuri'ar nan, a sa shi gaba, a je Gaya yin murna.

Zuwa Alhamis masu ita sun yi yawa. Anas mai faci ya ce tasa ce. Kamilu tela, wanda ya ɗinka tutocin jam'iyyar da ta faɗi, ya rantse a cikin rumfa zuciyarsa ta juya. Hansai mai ƙosai ta ce a mafarki aka nuna mata. Da za a haɗa duk masu rantsuwar, da sabon shugaban ƙasa ya lashe rumfar Tsamiya da rata mai yawa.

Alhaji Haruna kaɗai bai shiga sahu ba. Shi ne jagoran waɗanda suka faɗi, shi ya bi gida-gida yana kama hannun mutane, kuma shi ya jefa ƙuri'ar ƙarshe ranar zaɓe, a nannaɗe tamau. Tsohon manomi ne da bai taɓa yarda da iri ɗaya ba. Ko shekarar da kowa ya zuba riɗi zalla, sai da ya bar 'yan kunyoyin gero a gefen gona.

A ƙofar masallaci ya tare mu. "Ku daina wannan abin kunya," in ji shi. "Wakilin jam'iyyarsu yana nan da ransa. Wa zai zaɓe su in ba Maikuɗi ba?"

Sai kowa ya tuna da Maikuɗi.

Mai gyaran babur ne. Ya karɓi wakilcin ne don an rasa mai karɓa, ya sha dariya wata da watanni. A teburin mai shayi "Minista" ake ce masa. Ranar ƙirga, da malamin zaɓe ya ɗaga ƙuri'ar nan guda, Maikuɗi ya miƙe ya ce a matso masa da ita. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo yana bin fuskokinmu da ido. Muka fashe da dariya, muka ce yatsansa yake dubawa ko ya fito da kyau.

Yanzu kuwa ƙofar gidansa ta cika da takalma. Har yanzu Minista ake kiransa, sai dai babu mai dariya. Wannan taki yake so, wancan aikin ɗan sanda ga ɗansa, wata rijiyar burtsatse a ƙofar ɗakinta. Wani ma ya roƙi a faɗa wa shugaban ƙasa ya sauko da kuɗin aure.

Da farko Maikuɗi ya ce a nemi wani. Muka ce kai, ka ga tawali'u. Ya ce bai iya magana a gaban manya ba. Matarsa Khairiyya ta aro masa babbar riga ta sa aka goge. Kafin a sauko daga Juma'a ya saba. Ya fara ba da labarin yadda ya shiga rumfa shi kaɗai, gari duk ya juya masa baya, ya dangwala yatsa ko waiwaye bai yi ba. Duk maimaici labarin yana ƙara kyau.

Ranar Asabar muka cika a-kori-kura, Maikuɗi a gaba kusa da direba, Alhaji Haruna a baya cikin matasa. A rafin, ko da yake rani ne, sai da muka sauka muka tura motar cikin rairayi.

A ofishin jam'iyya a Gaya, sakatare ya duba hoton da muka watsa da hannunmu, ya dube mu, ya tashi ya rungume Maikuɗi. Ya ce irin wannan amanar ce sabuwar gwamnati take nema. Ya ce saboda mutum ɗayan nan za a turo mai awo ya ga rafin kafin ruwan farko, kuma Maikuɗi ne zai nuna masa wurin. Muka yi kabbara, har da Kamilu tela, wanda ya fi kowa ɗaga murya.

A hanyar dawowa muka sake sauka a rafin. Matasa suka kama turi. Alhaji Haruna ya dafa kafaɗar Maikuɗi don ya tsallake rairayin, suka ɗan yi baya da mutane.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana," tsohon ya ce a hankali. "Ka riƙe ta da kyau har a gama kwalbatin. Ba zan ce a dawo mini da ita ba."

"Wace aba, Baba Alhaji?"

"Ƙuri'ar mana. Ni na jefa ta, kamar 'yan kunyoyin geron nan da nake bari a gefen gona. Abin da har yau ban gane ba, kai taka ina ta shiga?"