Baƙon Iya Gambo

Tun da aka sa wa gidajen kula da tsofaffi na'urar da ke kira da muryar 'ya'yansu, Iya Gambo ba ta taɓa rasa gaisuwar ɗanta Tukur bayan la'asar ba. Shi ya ba da muryarsa, ya tafi aiki ƙasar waje shekara da shekaru.

Ran nan sai ga Tukur da kansa. Hajiya Kubura, shugabar gidan, ta raka shi ɗakin. Ya durƙusa ke nan, na'urar ta yi ƙara.

"Dakata, bawan Allah," in ji Iya. "Ɗana ne."

Muryar ta tambayi ciwon ƙafarta, ta tambayi kunun safe, ba ta gaggawa.

Idon Tukur ya ciko. "Hajiya, don Allah ki kashe ta."

"Sai in Iya ta ce," in ji Hajiya Kubura. "Amma muna da ɗakin baƙi. Ka zauna, kullum ka riga na'urar zuwa wurinta."

"Gobe jirgina zai tashi."

Tukur ya daɗe yana sauraron muryarsa tana ba uwarsa dariya. Can ya tambayi inda zai ajiye jakarsa.