Makarar Mamuda

Tun da aka kafa dokar shafa wa makara hodar nan mai ƙyalli, duk wanda ya taɓa ta sai shatin yatsunsa ya zauna kwana arba'in. Ma'aikatan hukuma su zo da shuɗiyar fitila su haska, su rubuta sunayen waɗanda suka taɓa.

Yayana Mamuda ya rasu da hantsi. Shi ne ya ɗiga maganin gwaji a rijiyar unguwarmu, ruwan ya koma kore, ya fito ya ce akwai gubar dalma a ciki. Wata shida jami'an hukuma suka tsare shi, suka sako mana shi yana tarin jini.

Sahu biyar aka yi a sallarsa. Da aka sallame na tsaya a gaban makara ina jiran mutum uku. Kowa ya zura hannu a aljihu.

Na je wurin Malam Tanimu, amininsa tun ƙuruciya.

"Malam, ko gefe ɗaya ka kama mini."

"Sallau, ka yi haƙuri, ina da iyali," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Allah Ya jiƙansa."

Ni kaɗai na ja makarar na ɗora a kurar ruwa. Jama'a suka biyo ni daga nesa har maƙabarta.

Da la'asar ma'aikacin ya zo ya haska makarar. Shatin yatsuna ne ko'ina.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ya rubuta sunana, sannan ya nemi ruwan sha. Na ɗebo masa a randa. Na rijiyar ne, ba mu da wani.