Hoton Garinmu

"Baba mai hoto, garinmu nake nema," in ji wata mata, tana tsaye a ƙofar shagona a Diffa. "A sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage na haifi ɗiyata, kullum tana tambayata yadda gidanmu yake. Salular da hotunan ke ciki ta faɗa ruwa ranar da muka gudu."

Na gyara zaman hulata. "Na daɗe ina faɗa, salula 'yar aike ce, ba ma'ajiya ba. Da kyamara maigidana ya yi aiki, haka nasa maigidan. Shekara ashirin da bakwai ina zuwa garinku na bakin kogin Komadugu, duk bayan tsinkar tattasai. Ban taɓa zubar da hoto ba."

Na sauko da akwatin ƙarfe. Ta zauna a tabarma tana ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta ga limaminsu, ta ga yayarta da ta rasu, ta ga kanta ranar aurenta. Ba ta yi kuka ba. Har aka kira la'asar.

"Baba, ina garin?"

Na karɓa na duba. Bayan kowane mutum, labulen da na gada ne, mai zanen bene da jirgin sama. Da hannuna nake rataya shi, don kada kogi da katangar laka su ɓata aiki.

Ta jera hotunan, ta rufe akwatin.

"Sannu da aiki, Baba."