Kilomita Dubu Tara da Ɗari Huɗu

Mai guga ba ta taɓa son jirgin sama ba. Sau ɗaya ta hau shi, ranar da ta bar 'yarta mai shekara huɗu a hannun kaka ta tafi neman aiki. Wata shida ta ce za ta yi. Wata shidan nan ne suka miƙe ƙafa har shekara ashirin da biyu.

Wannan karon tafiyar ta zo da sauƙi. Ba bin layi, ba cire takalmi. Abokan aikinta na ɗakin wankin otal su suka yi ta zirga-zirgar takardu, ita ko yatsa ba ta ɗaga ba.

A gindin jirgi wani dattijon ma'aikaci ya duba takardarta, ya sunkuyo ya rage murya.

"Baiwar Allah, kilomita dubu tara da ɗari huɗu ne, awa goma sha ɗaya. Kada ki ji tsoro. Duk wanda na sa a jirgi sai na gaya masa, don kada hanya ta yi masa tsawo."

Ai ta san adadin. 'Yarta ce ta faɗa mata shi, a wayarsu ta ƙarshe, shekara uku da suka wuce: "Na duba, Umma. Dubu tara da ɗari huɗu ne tsakaninmu, kuma ke kika zaɓe su. Ranar da kika dawo kada ki sa ran ganina a filin jirgi."

Maganar nan ita ta raka ta. Wurin da aka ba ta babu taga, ga sanyi, ko ruwa ba wanda ya kawo. Karen wani fasinja ya yi ta kuka kusa da ita. Duk ba su dame ta ba, har gwiwar da ta addabe ta shekaru yau ta yi shiru. Tsoro ɗaya take ji, tsoro mai tsanani: a sauka, a buɗe ƙofa, babu kowa.

Jirgi ya dira da hantsi. Fasinjoji suka watse, aka kai ta wani ɗaki mai faɗi, aka bar ta tana jira. Awa ɗaya. Awa biyu.

Sai ta ji takun ƙafa, ɗaya na ɗan jan ƙasa, irin tafiyar da yarinyar ke yi tun tana koyon tafiya da dafa bango.

"Ke ce 'yarta?" in ji wani jami'i da ke ɗakin.

"Ni ce."

"Sa hannu a nan."

Ta zo. Ashe ta zo. Daɗi ya rufe mai guga, ta so ta miƙe ta rungume ta.

"Sannu da hanya, Umma," in ji 'yar, ta kwantar da kumatunta a kan murfin akwatin gawar.