Shaidar Tsaka

Ƙwan ya fashe ana cikin shan kofin safe, a ɗakin da autar wani tsoho ke kiwon tsaka masu zanen damisa. Sai ga zabiya ta fito, ba ɗigon baƙi ko ɗaya, alhali uwa da uba duk dabbare-dabbare ne.

Tsohon ya gyara tabarau. "To fa. Macen nan ta zagaya wajen wani namijin."

"Ta ina, Baba? Shekara biyu suna kulle a akwati ɗaya," in ji autar. "Kowannensu na ɗauke da launin a ɓoye, gadon kakanni. Sai ya haɗu ta uwa da uba yake bayyana, kusan ɗaya cikin huɗu."

Ya ƙirga 'ya'yansa a zuci: huɗu. Uku masu baƙin gashi, irin nasa da na matarsa. Ya saci kallon jan gashin autar, gashin da ya hana shi gaisawa da wani mai gyaran keke a garinsu na Utrecht, shi ma mai jan gashi, shekara talatin cur.

Matarsa ta ajiye kofinta a hankali.

"Maigida, tayar kekenka ta sace tun bara. Tashi ka je ka gaida bawan Allah."