Kaset a Cikin Tukunyar Gero

Yau kwana huɗu ke nan abinci ba ya wuce mini wuya. Akwai kaset a cikin tukunyar gerona, mai shi kuma ba ta dawo ba.

Baturiya ce daga Holan, 'yar jarida. Sunanta ya fi ƙarfin bakinmu, muka sa mata Madina. Mai unguwa ne ya sauke ta gidana a nan Daura, don gidan babu namiji, ga shi shari'ar Musulunci ta zo. Tana jin Hausa, a Nijar ta koya. Takan yafa mayafi ta zauna mu tsince shinkafar da ake aiko mini daga Mai'aduwa duk wata.

Ta ce shekara goma sha biyu tana bin sawun miyagu. Ta sa an ɗaure masu hodar iblis a ƙasarsu har da ɗan sandan da ke rufa musu asiri. Yanzu kuma 'yan mata take bi, waɗanda ake yaudara da aiki a tsallaka da su iyaka, su ƙare a titin Turai. Uku sun faɗa mata hanya ɗaya: Mai'aduwa, hannun mutum ɗaya.

Ran da ta zo ta tambayi 'ya'yana. Na lissafa mata: Saminu, Rahmatu, Murjanatu, duk suna Katsina. Ta rubuta.

Wata ranar Laraba ta dawo fuskarta ja kamar gauta, ta kunna mini kaset. Muryar namiji ce, yana cinikin mutane kamar awaki.

"Inna, kin san Nagoggo?"

Ludayi ya faɗi daga hannuna.

"Kin san shi. Faɗa mini sunansa na yanka."

Na ce, "Ba na iya faɗa, 'yar nan."

Ta dafa ni. "Kowa tsoronsa yake ji. Kar ki damu."

Washegari Kulu ƙanwar maigidana marigayi ta zo daga Mai'aduwa. Na ja ta ɗaki, na ce ta je ta gaya wa mutumin ya ji tsoron Allah ya bari, asiri ya tonu. Wallahi iyakar abin da na ce ke nan. Nasiha na aika.

Ranar Litinin wani mai babur ya zo, wai akwai yarinyar da ta tsere tana son magana da Baturiya. Madina ta miƙo mini kaset da lambar wani ɗan jarida a Kano.

"In Juma'a ta yi ban dawo ba, ki kai masa. In aka watsa, ba za su iya taɓa ni ba. Shi kuma sai kurkuku. Gidanki kaɗai na yarda da shi, Inna, don ba ki da kowa a cikinsu."

Jiya aka aiko da shinkafa, wata bai ƙare ba. A bakin buhun an ɗaura mayafinta.

Gobe Juma'a. In na riƙe kaset, ran baƙuwata yana wuyana. In na kai, ni na kai Nagoggo kurkuku da hannuna. Jama'a, don Allah yaya zan yi? Kulu ce ta ɗauke shi tun yaye ta raine shi, shi ya sa ba a san shi da gidan nan ba. Madina ta ɗauka tsoro ne ya rufe mini baki. Ina uwa ta taɓa kama sunan ɗanta na fari?